Gadon Ƙasa a Ɗaki na Tara

Kurfi,
Lahadi.

Zuwa ga ɗiyata Mardiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya karatu, ya haƙuri da zaman makaranta? Mu nan lafiya lau, sai ƙafar nan tawa da ke tashi duk sanda aka yi ruwa. Ranar Juma'a na je Rawayau, na iske babanki Yaya Sodangi da Innarki lafiya. Gero ya yi kyau bana. Suna gaishe ki.

Tunda aka ɗauke mana sabis ɗin waya a yankin nan, an maida mu zamanin takarda. Shi ya sa na ba Audi direba wannan ya kawo miki.

Maganar ƙanwarki Sumayya ce, ɗiyar cikina. Allah ya yi ta samu gurbi a jami'arku, an gama rajista, amma gado bai samu ba. Kafin ta je Katsina ta shiga intanet, an ce gadaje sun ƙare. Ni kuwa ba zan iya kai yarinya gidan haya cikin gari ba, kin san halin da ake ciki. Ke kanki babanki bai yarda da zuwanki ba sai da na durƙusa gabansa na yi masa alkawarin cikin makaranta za ki riƙa kwana, ranar da kika bar hostel ranar za ki dawo gida. Ba don gori na tuna miki ba, Allah ya sani.

Ki taimaka ki raɓa ta a gadonki kafin Allah ya kawo mafita. Kakanki da babana ciki ɗaya suka fito, ke da ita abu guda ne. Ba ta da hayaniya. Za ta zo jibi tare da ɗan saƙo, ba yawa.

Gwaggonki,
Tani.

Dutsin-Ma,
Asabar.

Gwaggo,

Wa'alaikumus salam. Ina lafiya, karatu kuma yana nan yana cin mu. Allah ya ba ƙafa sauƙi. Wurin da kika ce ba gori ba ne na karanta shi sau biyu, kuma na yarda.

Sumayya ta iso lafiya, da akwati wanda ya fi ta girma. Da ta shigo ɗakin ta tsaya bakin ƙofa tana tambayata ko biki ake yi. Na ce a'a, mazauna ne. An gina ɗaki na tara don mutum takwas, mu sha huɗu ne a ciki, ita ta cika sha biyar. Kusan kowace mai gado tana da 'yar raɓe: ƙanwa, ƙawa, ɗiyar maƙwabta. Doka ta hana, amma ki kwantar da hankalinki. In aka kama, 'yar raɓen ake cewa ta fita, mai gado a ja mata kunne. Abin da ba a yafewa shi ne sayar da gado, shi kam mai sayarwar ake kora daga hostel. Matar da ke tsaron ƙofarmu, muna ce mata Madam Fota, tana da idanu masu kyau, ta kuma san lokacin da ake rufe su.

Gadona na ƙasa ne, kusa da taga. Shekara uku ina hawa sama kamar mai gyaran rufi kafin in same shi, don haka ki gaya wa mutanen gida ɗiyarsu ta ci gaba. Kanta wajen ƙafata muke kwana. Kin ce ba ta da hayaniya, gaskiya ne, da ƙafa take magana. Jiya ta shure ni a haɓa, na tashe ta, ta ce, "Yaya, lafiya?" ta koma barci.

Na koya mata abubuwan da ba a rubuta a takardar shiga ba. A nan bokiti ne ke bin layin ruwa, mai shi ta tafi lakca, kuma taɓa bokitin wata ya fi zagin uwarta. Sabulu ba a barinsa a banɗaki ko da ƙiftawar ido. Risho haramun ne a hukumance, shi ya sa kowa ke ɓoye nasa a cikin akwati. Mai gadon samana sunanta Khadijatul Kubra, kuma haka za ka kira ta cikakke ko ta yi kamar ba ta ji ba. Sumayya ta ce mata Hadiza ranar farko, har yau tana biyan bashin wannan.

Gwaggo, rabin buhun wake kika kira ɗan saƙo? Ga man gyaɗa, ga yaji. Da ba ki wahalar da kanki ba. Ɗakin gaba ɗaya yana godiya: mun yi garau-garau, mun yi alala a gwangwanin madara, Khadijatul Kubra ma ta sauko daga sama ta ci. Buhun yana ƙarƙashin gado da sunanki a jiki, kowa ya san wa zai yi wa addu'a.

Ni saura furojet da jarrabawar ƙarshe. Aikina kan ruwan dam ɗin Zobe ne, ina zuwa ɗebo shi a kwalabe in kawo ɗakin gwaji in tabbatar da abin da masunta suka riga suka sani. In Allah ya so kafin sanyi ya yi ƙarfi na gama, gadon ma sai mu ga yadda za a yi ya koma hannun Sumayya ta hanyar da ta dace.

Ki gaida su Yazid.

Ɗiyarki,
Mardiya.

Kurfi,
Laraba.

Ɗiyata Mardiya,

Na ga takardarki, na yi dariya har ɗana Yazid ya leƙo ya ga ko lafiya. Bakin nan naki na kakarki ne. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki. Wake kuwa kada ki ƙara maganarsa, ai ba a zuwa wurin mutum hannu sake. Ƙafa da sauƙi. Ki sa ido kan sallarta da asuba, tana da nauyin barci.

Gwaggonki,
Tani.

Dutsin-Ma,
Alhamis.

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina fatan kowa lafiya. Jikina lafiya. Sauran kuma ga shi.

Makon jiya wata ta manta hita a bokiti a ginin da ke bayanmu, katifa biyu suka ƙone. Ba wanda ya ji ciwo, amma hukuma ta tuna tana da doka. Aka kafa kwamiti. Ranar Litinin da safe suka shigo bincike ba sanarwa, ni kuwa tun bayan asuba na tafi Zobe da kwalabena. Madam Fota ta yi tari mai ƙarfi a bakin ƙofa, duk 'yan raɓen da suka san ma'anar tarin suka ɗauki bokiti suka yi banɗaki. Sumayya tana barci.

Abin da ya biyo baya Khadijatul Kubra ce ta gaya mini, tana saman gadon tana kallo. Suka tashe ta suka ce ina katin gadonta. Babu. Shugaban kwamitin ya ce mata abu biyu ne. In raɓe take, yau ɗin nan ta kwashe kayanta. In kuwa sayen gadon ta yi, tunda sabuwa ce ba ta san doka ba, ta faɗi wadda ta sayar mata, a yafe mata, a bar mata gadon. Ya ce ta yi sauri, yana da ɗakuna da yawa a gaba. Sai ta ce saye ta yi.

Ya ce, "Da nawa?"

Ta ce, "Da wake."

An ce har ya yi dariya, ya ce tunda yake bai taɓa ganin an sayi gado da wake ba. Amma ya sa aka jawo buhun, ga sunanki, ga Kurfi, ga ragowar abin a ciki, sai ya rubuta.

Na dawo da yamma, ƙafafuna duk taɓo, na iske takardar gayyata a kan matashina. Na ja Sumayya bayan ɗaki wurin shanya. Ta ce, "Yaya, wallahi tsoro na ji." Na ce to ta je ta gaya masu tsoro ta ji. Ta ce ai an ce wanda ya yi wa kwamiti ƙarya korar makaranta ce gaba ɗaya. Ta yi kuka sosai. Ni ce na ƙare da ba ta haƙuri, har yanzu ban gane yadda aka yi haka ba.

'Yan ɗakinmu duk sun san gaskiya, sun ci waken ma. Amma wadda ta je shaida za a tambaye ta mutum nawa ke kwana a ɗakin, kowace kuma tana da tata a banɗaki. Khadijatul Kubra ta ce tana yi mini addu'a. Na nuna wa sakataren kwamitin takardarki ta farko, ya ce takarda kowa na iya rubutawa, uwar yarinyar ta zo da bakinta. Ya kuma ce mini a gefe, in uwa ta ce kyauta ce, yarinya ta ruɗe ne, da wuya abin ya wuce jan kunne, sai dai ta nemi wurin kwana. Wannan za mu san yadda za mu yi, ina da ƙawaye a wani ginin.

Za a zauna ranar Talata ta sama. Gwaggo, kin san abin da ke tsakanina da Baba, ke kika ƙulla shi. In aka karɓe gadon nan, gida zan koma, jarrabawa kuma saura kaɗan. Kalma ɗaya nake roƙo, ki zo ki ce kyauta ce.

Har yanzu gado ɗaya muke kwana. Ta daina shurina, ina jin ba ta barci.

Ɗiyarki,
Mardiya.

Dutsin-Ma,
Laraba.

Gwaggo,

Da fatan lafiya. Na je tasha sau uku. Audi ya ce a hannunki ya sa takardar, kina zaune bakin ƙofa kina tsince shinkafa. Na ce ko ƙafar ce ta tashi, ya ce shi dai ya ga kin miƙe kin shiga ciki da saurinki. Na yi murna da jin haka.

Wataƙila amsar ta faɗi a hanya, motarsa ƙofa ɗaya ba ta rufuwa. Ina sake tuna miki, Talata ce, da hantsi, ofishin kula da ɗalibai. Sumayya lafiya lau, tana zuwa lakca. Ta ce ita ma ba ta ji daga gare ki ba, sai dai na ga sabon yaji a lokar kayanta.

Mardiya.

Kurfi,
Asabar.

Ɗiyata Mardiya,

Na ga takardunki duka biyu. Ki yi haƙuri, abin ne ya ɗaure mini kai, na kwana biyu ban ci abinci ba. Sumayya ta yi wauta, ban taɓa zaton haka daga gare ta ba. Zan zo ranar Talata in sha Allahu, motar farko. Ki ci gaba da karatunki, kada ki gaya wa kowa a gida tukuna. Allah yana tare da mu.

Gwaggonki,
Tani.

Dutsin-Ma,
Laraba.

Gwaggo,

Ina fatan kin isa gida lafiya. Ban samu yi miki sallama ba jiya, kafin in fito daga ofishin Sumayya ta riga ta raka ki bakin titi.

Zan rubuta abin da na gani, don ni aikina ke nan, in duba abu in rubuta. Na tarye ki a ƙofar makaranta, na karɓi ledarki, na saya miki ruwa mai sanyi. Na share miki benci da gefen hijabina. Na yi ta zuba kamar rediyo, kina ta cewa to, to, kina kallon takalminki. Na ɗauka gajiyar mota ce.

Da aka kira mu, shugaban ya gaishe ki da girmamawa, ya ce, "Hajiya, tambaya ɗaya ce. Waken nan kyauta ce ko biya?"

Kika gyara mayafi, kika ce, "Ai ranka ya daɗe, ba a zama a gadon mutum haka kawai."

Ya ce, "Hajiya, ki ba mu amsa."

Kika ce, "Biya ne."

A hankali kika faɗa, har sakataren ya ce bai ji ba, kika sake faɗa. Na biyun ya fita sosai.

An tambaye ni ko ina da abin cewa. Ina da shi, na shirya shi tun dare, amma duk a kan cewa kin faɗi ɗayar kalmar na gina shi. Na tsaya ina tunanin yadda ake ƙaryata gwaggo a gaban maza huɗu baƙi. Ba a koya mana wannan a gida ba, a jami'a ma ba a kai ga darasin ba. Na ce kyauta ce, sau ɗaya. Shugaban ya ce mutum biyu sun ce biya.

An ba ni zuwa Juma'a in kwashe kaya. An rubuta wa Sumayya katin gado, hotonta ya yi kyau. Madam Fota ta riƙe hannuna a ƙofa ta ce da Hausarta ta 'yan kudu, "Wannan mama naka ne?" Na ce e.

Mardiya.

Kurfi,
Juma'a.

Ɗiyata Mardiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ko da ba za ki amsa ba. Tun ranar Talata ban runtsa ba.

Wallahi da niyyar faɗin gaskiya na hau mota. A cikin motar wani malami da muka zauna tare ya ce mini ya san irin wannan, in yarinya ta yi wa kwamiti ƙarya ba a sassauci. Sakatarenki ya ce da wuya, bai ce ba za a yi ba. Mardiya, ba zan iya ɗora rayuwar yarinyar nan kan da wuya ba. Sau uku tana rubuta jarrabawar shiga. Babanta ya rasu da wannan burin. Na auna na ga ke makonni suka rage miki, ita shekara huɗu. Ke babba ce, kina da wayo, duk inda aka jefa ki za ki tashi. Ita ba haka take ba. In kika haihu za ki gane.

Jiya na je Rawayau da kaina, don kada Yaya ya ji a bakin wasu. Na ce masa an samu saɓani kan gado, hukuma ta yanke hukunci. Ban shiga bayani ba, kin san zuciyarsa, ban so abin ya zama na dangi. Na roƙe shi ki zauna gidan Hajiya Gogo, aminiyata da ke nan Dutsin-Ma, har ki gama. Bai amsa ba, amma zan koma.

Abin da nake roƙonki, ki rufe maganar nan tsakaninmu. Zumuncin gidan nan ya girme ni ya girme ki. Ga bikin Yazid an sa bayan kaka, kada mutane su ga ɓaraka. Ki yafe mini don Allah. Ni dai har gobe uwa ce gare ki.

Gwaggonki,
Tani.

Rawayau,
Litinin.

Gwaggo,

Wa'alaikumus salam. Na amsa, kin gani. Baba da Inna lafiya, an gama roron wake, ana sussuka. Na daɗe ban ba ki amsa ba, na bari sai na sami cikakken labari.

Yayana Mas'ud ne ya zo ya ɗauko ni ranar Juma'ar, da katifa a bayan babur. Na iske Baba a zaure. Tunda ba ki shiga bayani ba, wani ɗan garin nan da ke aikin gadi a makaranta ya shiga a madadinki, don haka kafin in sauka kowa ya san ɗiyar Malam Sodangi ta sayar da gadon gwamnati. Na durƙusa na faɗa masa komai daga farko. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Tani ta tsaya gabansu?" Na ce ta tsaya. Ya ce, "Da bakinta ta ce biya ne?" Na ce sau biyu. Ban san wadda ya gaskata ba, ina jin shi ma ya zaɓi kada ya sani. Abin da ya ce kawai, alkawari alkawari ne, ɗiyarsa ba ta kwana gidan kowa a Dutsin-Ma, bare gidan aminiyarki. Kin ce za ki koma wurinsa. Wataƙila kin zo ina gona.

Inna ce ta yi ta bin sa har ya yarda Mas'ud ya riƙa kai ni ina rubuta jarrabawa ina dawowa. Mas'ud ya bar aikinsa ana tsakiyar kaka, bai taɓa yi mini tsaki ba. Na rubuta biyar. Ta shida ita ce babba, ta safe. Ranar aka ce an ga motsi a daji, aka tare hanya, babura suka yi layi har rana ta ɗaga. Na isa ana karɓar takardu. Mai sa ido ya ce ya tausaya mini ƙwarai. Kwas ɗin sau ɗaya ake yin sa a shekara.

To ga lissafin da kika auna, Gwaggo, ya ɗan goce. Makonnin sun zama shekara. 'Yan ajinmu za su tafi bautar ƙasa, Khadijatul Kubra har ta fara tambayar inda ake ɗinka kaki. Masu maimaita shekara ba a ba su gado. Na tambayi Baba yadda za a yi baɗi, ya ce Allah ya kai mu. Kin fi ni sanin abin da yake nufi in ya faɗi haka.

Kin ce in yafe. Ina ƙoƙari, ina sa shi cikin addu'a bayan kowace salla, bai dai zo ba tukuna. Maganar rufewa kuwa kada ki damu, ban gaya wa kowa ba bayan Baba da Inna, kuma ba su da niyyar tayarwa.

Bikin Yazid zan zo, Inna ta ce dole. Zan durƙusa in gaishe ki a gaban mata, in ɗaura zane in shiga wanke-wanke, in raba wa baƙi tuwo. In an ce a tsaya hoto zan tsaya kusa da Sumayya. Duk wanda ya gan mu zai ce gidan nan akwai zumunci. Ke kaɗai za ki san ba haka ba ne, na kuwa ga kin iya riƙe irin wannan a ciki ki yi ta hidimarki.

Mardiya Sodangi.